Ɗan kunkurunmu ya daina ci, ƙoƙonsa ya yi laushi: ina mafita?

Tambaya

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da aka ba ɗana kyautar ɗan kunkuru, girmansa bai kai tafin hannu ba. An ce mana irin wanda ake kira sulkata ne. A ɗaki muke ajiye shi, cikin akwatin gilashi na kifi. Mun zuba masa yashi, mun ajiye akwatin kusa da taga don ya riƙa samun rana. Latas da tumatir muke ba shi, wani lokaci burodin da aka jiƙa ko ɗan abincin kyanwa. Ba ma sa masa ruwa sosai, tunda an ce dabbar hamada ce. Yanzu kusan mako biyu ba ya cin abin kirki, yini yake idonsa a rufe, ƙoƙon bayansa ya fara yin tudu-tudu, na cikin kuma idan na danna sai in ji ya lotsa. Yaron ya shaƙu da shi ƙwarai, ni ma hankalina ya tashi. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata uwa

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin kyauta da kika rubuto yanzu, domin alamun da kika lissafa ba na jira ba ne. Rufe ido, ƙin ci da laushin ƙoƙo idan suka haɗu a jikin ƙaramin kunkuru, abin da suke nunawa shi ne jikinsa ya bushe, bai samun isasshen ɗumi, ƙashinsa kuma bai samun kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Yana buƙatar likitan dabbobi wanda ya san dabbobi masu rarrafe, cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ki sani, allura da magani ba za su riƙe shi ba muddin ya dawo cikin wannan akwatin. Mafi yawan cututtukan ƙananan kunkuru daga mazauni suke tasowa, kuma a nan ake warkar da su.

Yau ɗin nan, tun kafin ki sayi komai, ki yi abu uku. Ki ɗebo ruwa mai ɗumi, kamar digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, ki zuba a mazubi marar zurfi, ruwan ya tsaya daidai inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya, ƙasa da haɓarsa. Ki sa shi ciki minti 20 zuwa 30 kina kallonsa, kina canza ruwan idan ya huce. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Sannan ki kwashe yashin nan, ki shimfiɗa masa tawul mai ɗan danshi na wucin gadi, a wuri mai ɗumi da iska ba ta kaɗawa. Na uku, burodi da abincin kyanwa su tsaya daga yau.

Ki tabbatar da irin kunkurun da ke hannunki, domin kulawar ta bambanta ƙwarai. Sulkata launin ƙasa-ƙasa yake, mai ɗan rawaya, ƙafafunsa na gaba cike da manyan ɓawo masu kauri, a cinyoyinsa na baya kuma akwai ƙayoyi biyu ko uku. Asalinsa yankin Sahel ne, gefen kudu na Sahara, daga Senegal da Muritaniya har zuwa Sudan da Habasha. Idan kika ga ƙoƙon bayan yana da gaɓa da ke lanƙwasawa ta rufe ƙafafun baya, wannan wani iri ne daban, mai son inuwa da laima, mai cin tsutsa da katantanwa. Mai jajayen ƙafafu na Kudancin Amurka yana cin 'ya'yan itace. Ƙananan kunkurun yankin Bahar Rum suna jure sanyin dare, har suna dogon barci a lokacin hunturu, abin da sulkata ba ya yi ko kaɗan. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, a kan sulkata muke magana.

Maganar da ta fi cutar da wannan dabba ita ce wadda aka faɗa miki, wai dabbar hamada ce, ba ta son ruwa. Gaskiya ne yana rayuwa a ƙasa mai zafi da fari, amma ba a filin rana yake yini ba. Rami yake haƙawa mai tsawon mita da yawa, can ciki kuwa akwai sanyi-sanyi da danshi ko da waje ya ƙone. Ƙananan ma sun fi manya ɓuya, a rami ko a gindin ciyawa, suna fitowa da safe ko da yamma su yi kiwo su koma. Jikin ɗan kunkuru ƙarami ne, ƙoƙonsa siriri, ruwa na saurin fita daga jikinsa. Idan aka ɗora shi a kan busasshen yashi a ɗaki, an ba shi farin hamada an hana shi ramin da ke cetonsa.

Tudun da kika gani a bayansa daga nan ya samo asali. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, masu bincike biyu a Jami'ar Likitancin Dabbobi ta Biyana da ke ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, sun raini 'ya'yan sulkata 50 tsawon wata biyar, suka raba su rukuni-rukuni, suka bambanta musu danshin iska da yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, a abinci. Waɗanda aka raina a busasshiyar iska su ne suka fi yin tudu, furotin kuwa tasirinsa bai kai na danshi ba. Tudun da ya riga ya fito ba ya komawa, amma idan aka gyara mazauni, sabon girman da zai biyo baya sumul zai fito, kuma tunda naku ƙarami ne, yawancin ƙoƙonsa bai ma tsiro ba tukuna.

Akwatin kifi bai dace ba saboda dalilai uku. Ya yi ƙanƙanta, ba a iya samun gefe mai zafi da gefe mai sanyi a cikinsa. Kunkuru bai gane gilashi ba, sai ya yini yana tura kansa yana son wucewa, ya gaji a banza. Idan kuma rana ta bugi gilashin ta taga, cikin ɗan lokaci zafin ciki zai iya hallaka shi. Abin da kike buƙata shi ne akwatin katako ko babban mazubin roba wanda ba a ganin waje ta jikinsa, tsawonsa aƙalla santimita 120, faɗinsa 60, bangonsa ya kai santimita 30 sama da shimfiɗa. Wannan na shekarar farko ne kawai. Idan katako ne, ki shimfiɗa leda mai kauri a ciki har ta hau bango, don kada danshi ya ruɓar da shi. Kunkuru gwanin hawa ne, musamman a kusurwa, don haka ki toshe saman kusurwoyin da guntun katako. Ki rufe akasarin saman akwatin da murfi, ki bar wurin fitilu da ƙananan ramukan iska. Buɗaɗɗen akwati ba ya riƙe ɗumi, ba ya riƙe laima, duk abin da kika zuba ɗakin ne zai shanye.

A ƙasa ki zuba abin da ke riƙe danshi, zurfin santimita 8 zuwa 10, yadda zai iya tona ya binne kansa. Niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ya yi, haka ƙasar lambu wadda ba a taɓa sa mata taki ko maganin ƙwari ba, ko ki haɗa biyun. Ki jiƙa ta, ki matsa a hannu: idan ta dunƙule ruwa bai ɗiga ba, ta yi daidai. Ki danne ta da tafin hannu ta yi ƙarfi, domin ƙasa mai rugu-rugu tana wahalar da ƙananan ƙafafu. Yashi yana shiga ido, yana manne wa abinci, ya taru a hanji ya toshe shi. Garin katako da ake samu wurin kafinta ma ki guje shi, wasu itatuwan suna da mai mai ƙarfi da ke cutar da numfashinsa. Takarda ko tayil kuma santsi ne da su, ƙafafun da ke girma a kansu sukan baje gefe.

A gefen da ba shi da fitila ki ajiye masa maɓoya. Ki samu ƙaramin mazubin roba mai duhu, ki kife shi, ki yanka ƙofa daidai shigarsa, ki goge bakin yankan kada ya yanke shi, ƙasar da ke ciki kuma ta fi ta ko'ina danshi. Wannan shi ne raminsa. Abin da ake nema shi ne danshin iska ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 a cikin akwatin. Ba fesa ruwa a sama kawai ke kawo haka ba. Ki riƙa zuba ruwa a kusurwoyi ya ratsa ƙasan shimfiɗar, saman ya ɗan sha iska. Akwai ƙa'ida guda da ba a karyawa: danshi da ɗumi tare suke tafiya. Laima a cikin sanyi ita ke kawo mura da ciwon huhu.

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake karɓa. Idan bai ɗumama ba, hanjinsa ba ya narkar da abinci, ba ya jin yunwa, garkuwar jikinsa ma sai ta yi rauni. Shi ya sa da wuya a ga kunkurun da ke jin sanyi yana ci, ko da me aka ajiye masa. A gefe ɗaya ki rataya ƙwan fitila mai ba da zafi, wat 50 zuwa 75, a mariƙin tangaran wanda ba ya narkewa. Ƙarƙashinsa ki ajiye faffaɗan dutse. Zafin wurin, idan aka auna a daidai tsayin bayansa, ya zama digiri 35 zuwa 38. Da ɗaga fitilar ko sauke ta ake daidaitawa, amma kada ta matso ƙasa da santimita 25 daga ƙoƙonsa, don tana busar da shi tana ƙona shi. Sauran akwatin ya tsaya tsakanin 27 da 30, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 26. Idan ɗakin yana yin sanyi da dare, akwai ƙwan tangaran mai ba da zafi ba tare da haske ba, a haɗa shi da na'urar da ke kashe shi da kanta idan zafi ya kai inda aka saita. Jar fitilar dare ba ta da amfani, yana ganin haskenta, tana hana shi barci. Dutsen lantarki mai zafi daga ƙasa kuma yana ƙona ciki. Kada ki yi kintace da hannu: ki sayi ma'aunin zafi da na danshi masu lamba, ki sa su ƙasa inda yake, ba a saman bango ba. Idan wuta ta ɗauke a daren sanyi, ki cika kwalba da ruwan ɗumi, ki naɗe ta da tawul, ki ajiye kusa da maɓoyarsa, ki rufe akwatin da bargo ki bar hanyar iska.

Yanzu laushin ƙoƙo. A watannin farko, ƙoƙon cikin ɗan kunkuru yana ɗan lotsawa kaɗan, wannan ba ciwo ba ne. Amma idan laushin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ga kasala ga ƙin ci, to ƙashi ne ke rasa kalsiyam. Ƙoƙon nan ba riga ba ce, ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya. Don jiki ya tsotsi kalsiyam daga abinci yana buƙatar bitamin D3, fatarsa kuma ba ta ƙera wannan bitamin sai wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Gilashin taga yana tare kusan dukan UVB. Wato duk watannin da ya yi a bakin taga, zafin rana ya samu, amfaninta bai iso gare shi ba. Idan jini ya rasa kalsiyam, jiki sai ya riƙa zaro shi daga ƙashi, ƙoƙo ya yi laushi, muƙamuƙi ya yi rauni har cizon ganye ya gagara, ƙafafun baya su kasa ɗaga jiki.

Hanya biyu ce. Ta farko, doguwar fitilar UVB da ake yi don dabbobi masu rarrafe, irin da ake kira T5, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12, a rataye ta kamar santimita 40 zuwa 45 sama da bayansa, gefe guda da fitilar zafi, yadda idan ya zo shan ɗumi zai samu duka biyun. Ki duba nisan da kamfanin ya rubuta a kwalin, shi za ki bi. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani, ragar waya mai ƙananan ido ma tana rage ƙarfinta sosai. Fitilun su yi awa 12 a kunne, awa 12 a kashe. Fitilar tana ci gaba da haske bayan UVB ɗinta ya ƙare, don haka ki rubuta ranar da kika sa ta, ki canza bayan shekara guda. Ƙananan ƙwayaye masu murɗaɗɗen gilashi ba ma ba da shawararsu, haskensu wuri kaɗan yake rufewa.

Ta biyu ita ce rana kanta, kuma babu fitilar da ta kai ta. Minti 30 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, da hantsi ko bayan rana ta karya, a kan ƙasa ko ciyawa, rabin wurin inuwa ne da zai iya shiga da kansa. Wani ya zauna tare da shi. Hankaka, shaho, kare, kyanwa da ɓera duk suna iya ɗauke shi, tururuwa ma tana yi masa illa. Kada a taɓa fitar da shi rana cikin gilashi ko roba mai zurfi. Idan kika ga kumfa a bakinsa yana ta kai-kawo, zafi ya yi masa yawa, ki mayar da shi inuwa ki jiƙa shi da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba.

Jiƙon da muka faɗa da farko ya zama na kullum har ya shekara, da safe bayan ya ɗumama, minti 15 zuwa 20. Daga nan sai a rage zuwa sau biyu ko uku a mako. Yawanci a cikin ruwan zai sha, ya yi kashi, abin da zai rage miki aikin shara. A cikin akwatin kuma ki binne ƙaramin kasko marar zurfi, bakinsa daidai da ƙasa, da ruwa mai tsabta kullum. Kwano mai tsayin baki yana kifar da su, kunkurun da ya kife a ruwa ko a ƙarƙashin fitila kuwa yana iya mutuwa kafin a gani. Ki riƙa duba farin abin da ke fitowa tare da fitsarinsa. Idan yana da laushi kamar man goge haƙori, lafiya lau. Idan ya zama gari-gari ko tsakuwa, ruwa bai ishe shi ba, kuma ta haka ne dutse ke taruwa a mafitsara, ƙoda ta lalace.

Sulkata makiyayi ne, hanjinsa an yi shi ne don ciyawa: abinci mai kaushi, mai yawan zare, marar zaƙi, marar yawan furotin. Babba kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya. Ƙarami bakinsa bai yi ƙarfin busasshiya ba tukuna, don haka ki nemo masa ɗanyar ciyawa mai taushi ki yanka ta ƙanana da almakashi, ki haɗa da ganyaye iri-iri: ganyen hibiskus da furensa, ganyen malberi, ganyen inabi, ganyen kabewa da furenta, ganyen kuɓewa, dandaliyon, da kaktus mai faffaɗan ganye bayan an cire ƙayarsa. Kada ki tsaya kan iri ɗaya, a kowane mako ya ɗanɗana iri biyar ko fiye. Idan ciyawa mai tsabta tana wahalar samu, ki shuka alkama ko sha'ir a faranti biyu ko uku, ki riƙa yankan ganyen idan ya kai santimita 10. Ganyen ake bayarwa, ba ƙwayar ba. Kada ki tsinko ciyawa daga bakin titi ko inda aka yi feshi, furannin da ake sayarwa don ado ma yawanci an fesa musu magani. A wanke komai, a ba shi da ruwan a jiki.

Latas ba guba ba ne, amma kusan duk ruwa ne, yana cika ciki ba ya gina jiki. Tumatir da 'ya'yan itace suna da zaƙi da tsami da hanjin sulkata bai saba da su ba, suna kawo zawo, suna rikita ƙwayoyin da ke taimaka masa narkar da ciyawa. Alayyafo yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, kabeji da danginsa kuma idan suka yi yawa suna iya kawo maƙoƙo, don haka su zama na jefi-jefi. Nama, abincin kare ko na kyanwa, madara, wake, burodi da dafaffen hatsi babu su sam. Zai ci su da marmari, kada wannan ya ruɗe ki: furotin mai yawa yana sa shi girma da gaggawa kan ƙashi marar ƙarfi, yana kuma gajiyar da ƙoda da hanta. Akwai tsirran da ke kashewa, irin su furen ado da ake kira oliyanda, zurma, zaƙami, ganyen abokado, da ganyen tumatir da na dankalin turawa. Tsiron da ba ki san sunansa ba, kada ya shiga akwatin.

Yawan abincin yini shi ne tulin da ya kai girman ƙoƙonsa, sau ɗaya da safe bayan jiƙo, a kan faffaɗan dutse. Dutsen yana hana shi haɗiyar ƙasa, yana kuma goge masa baki kada ya yi tsawo. Da yamma a kwashe abin da ya rage. Tunda ya saba da latas, zai iya ƙin sabon abincin. Ki yanka latas ɗin ƙanana sosai tare da ɗan sabon ganye, ki yayyafa ruwa ki cuɗa yadda ba zai iya tsincewa ba, kullum kina rage wancan kina ƙara wannan, cikin mako biyu zuwa huɗu. Yana ganin launi sosai, ja da rawaya suna jan hankalinsa, saboda haka furen hibiskus ko na kabewa a saman abincin yakan buɗe masa baki.

Ana son kalsiyam a abincinsa ya ninka wani sinadarin abinci da ake kira fosforas aƙalla sau biyu. Ki samu garin kalsiyam zalla, ki barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkula a kan jiƙaƙƙen ganye, sau biyu ko uku a mako. Idan babu, ɓawon ƙwai ma kalsiyam ne: a tafasa shi, a busar, a niƙa ya zama gari lilis. Kada a yi fari fat da abincin, zai ƙi ci. Garin da ke da bitamin D3 ko A a ciki kuwa a bi umarnin likita, domin waɗannan biyun suna taruwa a jiki, yawansu guba ne.

Idan ya fara murmurewa za ki ga dabba ce mai son bincike. Masana halayyar dabbobi, ciki har da Anna Wilkinson ta Jami'ar Lincoln a Ingila, sun nuna cewa kunkuru mai jajayen ƙafafu yana koyon hanya a gida mai lunguna, har yana koyon taɓa alama a allon kwamfuta don ya samu lada. Dabba irin wannan ba ta dace da fili fetal mai kusurwa huɗu ba. Ki yi masa ɗan tudu da gangare a shimfiɗar, ki sa guntun itace da duwatsu masu faɗi da zai kewaya, waɗanda suka fi bakinsa girma. Ki binne tukunyar ciyawa ko biyu ya riƙa kiwo da kansa yana ɓuya a gindinsu. Ki tsara kayan yadda ba zai hango ƙarshen akwatin daga ɗaya ƙarshen ba, wannan yana sa shi yawo, yawon kuma shi ke ƙarfafa ƙafa ya motsa hanji. Wani lokaci ki warwatsa abincin wuri uku, ko ki rataya ganye daidai inda sai ya miƙa wuya. Bayan mako biyu ko uku a sauya wa dutse ɗaya ko itace wuri, amma maɓoya da kaskon ruwa su zauna inda ya san su. Duk abin da kika ƙara, ki duba ko zai iya hawa ya faɗo ta baya.

Ba ya buƙatar aboki. Kunkuru biyu a wuri ɗaya, ɗaya ne ke danne ɗaya, ya tare masa abinci da wurin ɗumi. Sakin sa yana yawo a tsakar ɗaki ma ba gata ba ne: ƙasa tana da sanyi, yana haɗiyar gashi, zare, maɓalli da duk abin da ya gani mai launi, ga haɗarin takawa. Ki koya wa yaron ya rage ɗaukarsa. Idan ya zama dole, da hannu biyu, kusa da ƙasa, ƙafafunsa a kan tafi, ba a juya shi. Kunkurun da ya tsorata yakan zubar da ruwan mafitsararsa, wanda shi ne ajiyarsa. Ƙoƙon yana da jijiyoyi, yana jin taɓawa yana jin zafi, don haka ba a huda shi, ba a yi masa fenti, ba a shafa masa mai. Yaron zai fi jin daɗin ya zama shi ne mai jiƙo, mai yankan ciyawa da mai rubuta nauyi, kina tsaye a kansa.

Lafiyayyen kunkuru ma yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa, mai kawo zawo da zazzaɓi ga mutane. Saboda yawan yaran da suka kamu ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko kayansa, ba a sumbatarsa, ba a wanke mazubinsa inda ake wanke kwanukan abinci. Yaro ƙasa da shekara 5, mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su bar wa wasu aikin. Kashi a kwashe kullum, shimfiɗa a canza ta duk bayan wata biyu ko uku.

Ki riƙa auna shi sau ɗaya a mako da ƙaramin sikeli mai nuna giram, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ki rubuta. Ƙaruwa a hankali ake so. Idan nauyi ya tsaya cik wata guda ko yana raguwa, ko kika ga kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ƙara a numfashi, kumburin ido ko jan ƙafafun baya, likita ne kai tsaye. Kunkuru ba ya iya tari, majina idan ta sauka huhu ba ta da hanyar fita. Ranar zuwa asibiti ki sa shi a ƙaramin kwali da tawul da kwalbar ruwan ɗumi a gefe, ki tafi da sabon kashinsa don a duba tsutsar ciki, da hoton akwatin da jerin abin da yake ci. Kada ki yarda kowa ya ba shi maganin tsutsa mai suna ibamektin, wanda ake ba wasu dabbobi. Ga kunkuru guba ne, yana shanye masa jiki ya kashe shi. Kada kuma a ɗura masa abinci ko ruwa da ƙarfi a gida, yana iya shaƙewa. Ba za mu ɓoye miki ba: wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu saboda dogon ƙishi wani lokaci ba ya tashi duk da kulawa, don haka ki shirya zuciyar yaron a hankali. Da yawa kuwa suna buɗe ido su fara ci cikin mako ɗaya ko biyu da samun ɗumi da ruwa, ƙoƙon kuma ya ɗauki watanni yana ƙarfi.

Akwai maganar da ya kamata ku yi a gida tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sulkata shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babba yakan kai santimita 60 zuwa 80, nauyinsa kilo 30 zuwa 50, wasu mazan su wuce haka nesa, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 50. Cikin shekara biyu ko uku ɗaki ba zai ɗauke shi ba. Zai buƙaci fili mai ciyawa, katanga mai ƙarfi da aka binne gindinta a ƙasa saboda tono, inuwa, da ɗaki mai ɗumi don lokacin sanyi. Idan kun ga ba za ku iya ba, ku nemi wanda ke da fili da sanin kiwonsa, ko hukumar kula da namun daji ta inda kuke. Kada a sake shi a daji, domin wanda aka raina a gida yana iya kai wa na daji cuta. Irin nasa yana cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ake kira CITES ta ƙayyade cinikinsa tsakanin ƙasashe, saboda haka ki tambayi wanda ya ba ku kyautar daga ina ya samo shi, ki adana duk takardar da ta zo da shi.